Ranar Iyali a Gidan Tarihi na Bubu Hama: Wa Zai Yi Bayani?

Duk wanda ya taɓa ratsa tsakiyar birnin Yamai a washegarin sallah ya san inda yaran garin suke nufa. Tun da hantsi ake ganinsu ayari-ayari cikin sababbin tufafi, babba riƙe da hannun ƙarami, kowa da ƴan kuɗin barka da sallah a aljihu, suna gangarawa zuwa Gidan Tarihi na Ƙasa mai sunan Bubu Hama. Gidajen tarihi da dama a biranen Afirka suna kukan rashin masu ziyara. Wannan kuwa a irin waɗannan ranaku har wurin sa ƙafa akan rasa. Sai dai in aka bi sawun cincirindon za a tarar mafi yawansa ya ƙare a gaban kejin zaki, da na kura, da tafkin dorina, da wurin masu ɗaukar hoto. Fararen zaurukan nan masu zanen shuɗi, inda aka ajiye tufafin gargajiya da kayan kiɗa da tukwanen da aka tono daga ƙasa, leƙe kawai sukan samu: a shiga, a sha inuwa, a fita.

Wannan ne ya sa malaman makaranta da ƙungiyoyin raya al'adu suke yawan kiran a shirya wa iyalai wani abu da ya wuce kallon namun daji: ranakun da iyaye za su zo tare da ƴaƴansu, da laccoci, da tarukan bita inda yaro zai taɓa yumɓu ko zare da hannunsa. Kira ne mai kyau, kuma ranar 18 ga watan Mayu, wato ranar gidajen tarihi ta duniya, takan ba da dalilin sake ɗaga shi kowace shekara. Abin da ba a cika tsayawa a duba ba shi ne inda aka aro tsarin. A Faris ko a Landan, uba da ɗansa duka baƙi ne a gaban abin da ke cikin akwatin gilashi. Ba wanda ya taɓa riƙe shi, ba wanda ya ga an yi aiki da shi. Don haka gidan tarihi ne mai sani, iyali kuwa masu saurare, kuma a kan haka aka tsara komai: jagora a gaba, yara a tsakiya, iyaye a baya suna riƙe da jakunkuna. Zanen aro ba ya rufe katara. A Yamai, cikin iyalin da suka biya kuɗin shiga, sau da yawa akwai wanda ya fi takardar bayani sanin abin da ke cikin akwatin.

A ɗauki misalin tsohuwa da ta zo daga ƙauyukan Gobir ko na Adar ganin ɗanta ma'aikaci, aka ce a kai ta kallo tare da jikoki. Ta tsaya a gaban mazari. Ƴar takardar da ke gefensa za ta faɗi sunansa da Faransanci, ta ƙara da yankin da aka samo shi, shi ke nan. Ita kuwa ta san kafin auduga ta kai ga mazari sai an gurje ta an fitar da gurya, an shiɓe ta da baka, an naɗe sutu. Ta san aikin gululun da ke gindin tsinken, ta san dalilin shafa alli a yatsu da irin ƙashin da ake ƙonawa a samu allin. Ta san bambancin abawa da siririn zare, da wanda masaƙi ya fi biya da tsada, da yawan daren da uwa takan raba tana kaɗi kafin a tara abin da zai isa a saƙa wa ɗiyarta zanen aure. Wannan duka yana cikin kanta, tana kuma tsaye taku biyu daga jikanta. To amma jikan ne ke karanta Faransanci, saboda haka shi ne ke juyowa ya gaya mata abin da takarda ta ce. In ta yi dariya ta ce, "Kai, angona, ni za ka gaya wa mazari?" to an yi sa'a, hira ta buɗe. Mafi yawan lokaci shiru take yi, domin wurin ya yi mata kama da ofis, kuma a ofis mai takarda ke magana. Yaron zai koma gida da darasi biyu waɗanda ba wanda ya yi niyyar koya masa: cewa kayan ɗakin kakarsa sun shiga sahun matattun abubuwa, kuma cewa izinin yin magana a kansu yana cikin wani harshe da ba nata ba.

Abin mamaki shi ne waɗanda suka kafa gidan ba haka suka nufa ba. An buɗe shi a 1959, shekara guda kafin ƴancin kai, a ƙarƙashin reshen cibiyar IFAN na Nijar. Bubu Hama (1906–1982), ɗan Foneko ta ƙasar Tera, wanda ya yi aikin koyarwa kafin ya zama shugaban majalisar dokoki, shi ya tsaya wa aikin, Pablo Toucet kuma ya zama shugaban gidan na farko. Ba su gina ƙaton bene guda mai tsoratar da talaka ba. A cikin fili mai faɗin hekta 24 suka warwatsa ƙananan zauruka a tsakanin itatuwa, suka kafa samfurin gidajen al'ummun ƙasa, daga ginin ƙasa na Hausawa zuwa bukkar Fulani da tantin Abzinawa, suka kawo maƙera da masaƙa da dukawa suka zaunar da su suna aiki a idon jama'a. Namun dajin ma dabara ce: manomin da bai taɓa shiga lakwal ba zai shigo don zaki, ya fita ya ga abin da bai zo nema ba. Daga baya aka ƙara da sashen koya wa yara da naƙasassu sana'a. Lokacin da Alfa Umar Konare, wanda a sa'ilin yake shugaban ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ya yi kira a 1991 da a rabu da salon gidan tarihi irin na Turai a Afirka, Yamai ta riga ta yi shekara talatin tana gwada wata hanya. Wato dai tun tushe gidan iyali ne. Abin da ya faru shi ne sassansa uku sun juya wa juna baya: namun daji suna da jama'a, zauruka suna da kaya, masu sana'a suna da sani, amma fuskarsu tana kallon mai saye.

A kan masu sana'ar nan ya kamata a daɗe, domin a wurinsu ne taron bita zai yi ma'ana ko ya zama wasan yara. Abin da aka saba kira bita a wurare da dama shi ne a raba wa yara takarda mai hoton raƙumi da fensir mai launi, su shafa, a tafa musu. Wannan ana iya yin sa a kowane aji, ba sai an je bakin kogin Isa ba. A kwatanta shi da zama na sa'a ɗaya a gaban maƙerin azurfa yana yin abin wuyan nan da aka sani da gicciyen Agadas. Yana fara siffanta shi da kakin zuma, ya lulluɓe kakin da yumɓu, ya gasa a garwashi har kakin ya narke ya tsiyaye ya bar gurbinsa, sannan ya zuba narkakkiyar azurfa a gurbin. In ta huce sai ya fasa yumɓun, ya shiga aikin magagari da zane. Yaron da ya ga an fasa yumɓun zai gane da kansa dalilin da ya sa ba a samun guda biyu masu kama ɗaya sak, tun da kowane gida sau ɗaya ake zuba masa azurfa. Ya ga abin da zafi ke yi wa kaki da abin da yake yi wa ƙarfe, darasin da malamin kimiyya zai yi mako yana zanawa a allo. Haka abin yake a wurin baduku, in ya bayyana yadda bagaruwa ke jeme fata da yadda karan dafi ke ba ta ja. Kakin zuma ba shi da tsada, kuma yaro ɗan shekara takwas yana iya siffanta shi ba tare da ya kusanci wuta ba.

Akwai ƙaya biyu a wannan hanya, kuma masu shirya taruka sukan tsallake su kamar ba su gani ba. Ta farko kuɗi ce. Maƙeri da cinikinsa yake ci. Sa'ar da ya ba yara ashirin sa'a ce da bai ƙera komai ba. Muddin ana kallonsa kamar wani ɓangare na abin kallo, ana nuna shi da yatsa kamar yadda ake nuna jimina, to ba a ɗauke shi malami ba. Malami ana biyansa, ana kuma faɗin sunansa a farkon zama. Ta biyu ta fi wuyar faɗi. Sana'o'in nan na gado ne, kuma a cikin al'ummu da dama gado yana tafe da matsayi. Akwai uban da zai yi murna ɗansa ya kalli ƙira, amma ransa zai ɓaci in ya ga an ɗora hannun yaron a kan zugazugi. Akwai kuma maƙerin da ba zai so ya buɗe wa bare abin da ya karɓa daga ubansa ba. Littafin koyar da shirya bita da aka rubuta a Turai bai san da wannan ba. Ba a warware irin wannan da lacca a kan daidaito. Ana warware shi ne, in ya warwaru, ta hanyar zuwan uban da kansa, ya zauna a tabarma ɗaya da maƙerin, su gaisa, su taɓa barkwanci in akwai shi a tsakaninsu. Nijar ƙasa ce da wasan taubasantaka ya yi ƙarfi har UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2014. Bafillace da Babarbare suna iya faɗa wa juna a cikin raha abin da jagora mai riga da takalmi ba zai iya furtawa ba.

Zauren kayan kiɗa shi ya fi kowane nuna iyakar karin maganar nan da ke cewa gani ya kori ji. Goge da gurmi da algaita da kalangu a bayan gilashi ƙwarya ce da fata da itace. Wanda bai ji su ba bai gan su ba. Labarin biram ya isa misali. Kayan kiɗa ne mai tsirkiya biyar, mai siffar jirgin ruwa, na masuntan Buduma a tafkin Cadi. Ya kusa ɓacewa sa'ad da Malam Maman Barka, wanda shi ma malamin makaranta ne kafin a san shi da gurmi, ya samu tallafin UNESCO a 2002, ya tafi ya zauna wurin Bukar Tar, dattijon da ake ɗauka shi ne gwani na ƙarshe, ya koya daga hannunsa. Da an sayi biram ɗin kawai an rataye shi a zaure, da yanzu ana da itacen, ba a da kiɗan. Maman Barka ya rasu a 2018, tambayar kuma ta dawo sabuwa. Haka inzad, gogen matan Abzinawa da ya shiga jerin UNESCO a 2013: ranar iyali guda da za a gayyato mace mai kaɗa shi, ƴan mata su zauna kusa da ita su ga yadda take riƙe baka, ta fi takardar bayani goma.

(Ga masu son sa tatsuniya cikin shirin ƙarfe goma na safe, sai a tuna musu cewa yaran Hausa an gaya musu mai yin tatsuniya da rana ɓacewa yake yi. Tsohuwar da ta san aikinta za ta ƙi, ko ta yi a takure. In ana son gatana ta gaskiya, sai a bar ƙofa buɗe zuwa bayan isha'i a daren farin wata.)

Duk da haka kuskure ne a ɗauka kaka ta san komai. Akwai wuraren da ita da jikanta da ɗanta ma'aikaci duka baƙi ne, kuma a nan ne lacca take da gurbi. Mafi girmansu shi ne inda aka jera ƙasusuwan dabbobin zamanin da, waɗanda ake kira dinozor. A Gadufawa, cikin hamadar da ke kudu maso gabas da Agadas, Bafaranshe Philippe Taquet ya tono ƙasusuwan dabbar da ya raɗa wa suna Ouranosaurus nigeriensis a 1976. A yankin ne kuma aka samo na Sarcosuchus, kada wanda tsawonsa ya haura mita 9. Ba'amurke Paul Sereno ya biyo baya, a 1999 ya bayyana Jobaria, wadda ya ɗauko sunanta daga Jobar, wata halitta ta labaran Abzinawa, da Nigersaurus mai haƙora sama da 500. Iyalin da suka tsaya a gaban irin waɗannan ƙasusuwa tambayoyinsu na gaske ne: ko na Samudawa ne? Me kada yake yi a inda babu ko ɗigon ruwa? Yaya aka san shekarunsu? Amsar cewa na Gadufawa sun rayu kimanin shekara miliyan 110 da suka wuce ba amsa ba ce ga wanda bai taɓa ƙirga miliyan ba. Amma in mai lacca ya ɗebo gero ya ce kowace ƙwaya shekara ɗaya ce, rayuwar dattijo ba ta cika cokali ba, shekarun kadan nan kuwa sai an tara buhun kilo 100 wajen goma, to kowa a wurin ya taɓa ɗaukar buhu, kowa zai yi shiru ya auna.

Irin wannan lacca ba ita aka saba ba. Wadda aka saba tana da dogon tebur mai mayafi, da kwalaben ruwa, da gaisuwar manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya har rabin lokaci ya tafi, sannan masani ya karanta takardarsa da Faransanci, a ce saura minti biyar na tambayoyi, waɗanda abokan aikinsa za su cinye. Ba laifi ba ne masana su yi magana da junansu, suna da jami'a da cibiyar IRSH don haka. Laifin shi ne a kira wannan taron iyali. Uzurin da akan kawo, wai harsunan gida ba su da kalmomin kimiyya, ya tsufa. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, cibiyar INDRAP kuma ta yi shekaru tana shirya littattafan lissafi da na sanin muhalli cikin harsunan ƙasa. Malaman da suka fito daga wannan tsari suna nan, wasu sun yi ritaya suna zaune a gida. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya mayar da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Amma wanda zai fahimci wannan da cewa a cire takardar Faransanci a liƙa ta Hausa kaɗai bai fahimci gidan ba. Yamai gari ne da Zabarmanci ke cikin gidaje masu yawa, kuma an kafa gidan tarihin ne don Bazabarme ya ga tantin Ba'abzine, Ba'abzine ya ga rumbun Bahaushe. Sunan abu ɗaya cikin harsuna biyar a kan takarda guda shi kansa darasi ne, yara kuma suna son irin wannan gasa.

Akwai laccar da rashin yin ta ya riga ya jawo asara. A 1975 aka gano makabartar Bura a yammacin ƙasa, a 1983 Bube Gado ya jagoranci tono ta, aka fito da tulunan binne mamata masu kawunan mutane, da mutum-mutumin mahayin doki da ya zama abin alfahari. Bayan an nuna su a baje kolin kayan tarihin kwarin kogin Isa da aka buɗe a Faris a 1993, sai dillalai suka farga. Aka shiga haƙa wuraren ba dare ba rana, har ICOM ta sa kayan Bura cikin jan jerinta na 2000, na kayan da bai kamata a saya ba. Masu haƙar ba baƙi ba ne. Manoma ne da fari ya matsa, aka nuna musu kuɗi. Dokar kare kayan tarihi ta 1997 ta hana, amma doka ba ta bayyana wa mutum dalilin da ya sa tulu a cikin raminsa, tare da ƙasar da ke kewaye da shi da abin da ke ƙarƙashinsa, yake ba da labari, in kuwa aka cire shi ya zama tulu kawai. Wannan bayani na minti goma ne, kuma jama'ar da ya kamata su ji shi su ne masu zuwa ranar sallah, waɗanda kowannensu yake da dangi a ƙauye.

Itacen Tenere, wanda wata babbar mota ta kayar a 1973 aka kawo gangar jikinsa aka gina masa ɗaki, busasshen itace ne ga mai wucewa. Madugun da ya taɓa jan ayarin gishiri daga Bilma shi zai iya mayar masa da ganye. Zauren yuraniyom kuwa yana jiran tsohon ma'aikacin Arlit, ko na ramin Akuta da aka rufe a 2021, ya zo ya faɗi abin da hotuna ba su faɗa ba.

Sai batun kalmar iyali ita kanta. Takardun shiri da ake kwafowa suna nufin uba da uwa da yara biyu. Iyalin da ke zuwa ƙofar gidan Bubu Hama kuwa yaya ce ƴar shekara goma sha huɗu da ƙanne shida, nata da na maƙwabta. Ko kishiyoyi biyu da goyo. Ko malamin allo da almajiransa. Shirin da ya ce kowane yaro ya zo da mahaifinsa ya kori mafi yawansu tun daga ƙofa. Wanda aka sa da tsakar rana a watan Afrilu, ko a lokacin da mata ke kan girki, ya kori sauran. Kuɗin shiga da ba ya da nauyi ga mutum ɗaya yana da nauyi ga mai yara takwas, kuma in za a yi rangwame, ga tsofaffi ya fi dacewa a yi shi, tun da su ne ke shigowa da abin da gidan ba shi da shi.

Domin kuwa ribar ba ta yara kaɗai ba ce. Abin da tsohuwar nan ta sani game da mazari babu shi a rumbun gidan, kuma ba za a daɗe ana samun masu faɗinsa ba. Cibiyar CELHTO, wadda aka kafa a Yamai a 1968 don tattara tarihin baka, ta fi mayar da hankali ga maroka da masu tarihin sarauta. Ilimin ɗaki da na madafa bai samu irin wannan gata ba. Ɗalibi guda mai littafi da alƙalami, ko mai wayar ɗaukar murya, yana zaune a gefe yana rubuta abin da aka faɗa da sunan garin mai faɗin, zai tara a shekara ɗaya abin da zai sake rubuta takardun zaure sukutum.

Malamin da ke Damagaram, kusan kilomita 900 daga Yamai, ko na Maraɗi da Tawa, zai ce wannan duka zancen mutanen babban birni ne. Doso da Damagaram suna da nasu gidajen tarihi na jiha, ƙanana, kuma abin da aka faɗa a nan ya shafe su. Inda babu ko ɗaya, aji ya isa. Mazari ɗaya da aka aro, da sutu, da alli, da kakar ɗaya daga cikin ɗalibai wadda aka je har gida aka gaishe ta aka roƙe ta. Abin da zaman zai ci bai wuce tabarma biyu ba, da goro, da kuɗin motar da za ta mayar da ita gida kafin la'asar.